Jinjina ga Sonichar, da saƙo daga Bader Goula

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin haƙar gawayin ƙasa na Anou Araren, wanda kowa ya sani da Sonichar. Wurin yana jihar Agadas, kimanin kilomita 70 daga birnin. Lokacin nan yuraniyom ɗin Arlit yana tashe, injinan haƙarsa kuwa da man gazawal suke aiki, man da sai an ɗauko shi a tankoki tun daga bakin teku, alhali ga gawayi kwance a ƙarƙashin ƙafa. Sai aka yaye ƙasa aka ɗebo shi, aka gina tashar wuta dab da ramin. Injin farko ya tashi a 1981, na biyu a 1982, kowanne da ƙarfin megawat 18.8.

A ma'aunin duniya ƙaramin kamfani ne. Amma sama da shekara 40 ke nan wutarsa take juya injinan kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr, ta juya na ɗan'uwansa Cominak har ranar da aka rufe shi a ƙarshen Maris 2021, ita ce kuma take haska Agadas da Arlit. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke layin wutarta bayan juyin mulkin Nijar, Yamai da Maradi da Damagaram sun sha duhu. Arewa ba ta rataya da wancan layi ba, da gawayinta take ganin gabanta.

Waɗanda suka fi cancanta da jinjina su ne ma'aikata: direban babbar mota da yake hawowa daga rami cikin zafin bazara, baƙar ƙura ta rufe masa gira da gashin baki, da mai kwana gadin tukunyar tururi don kada wuta ta ɗauke wa mai naƙuda a asibiti. Gawayin nan toka gare shi da yawa, aiki da shi sai mai haƙuri. Guminsu ne ya mayar da Tchirozérine da ke kusa da ramin, mazaunin Abzinawa masu kiwo da lambu, garin ma'aikata mai gidajen kamfani da famfo da lantarki, inda Bahaushe da Bazabarme da Ba'abzine suke sahu ɗaya a masallaci. Allah ya saka musu da alheri.

To, amma da sauran rina a kaba. Mu nan Bader Goula, a ƙasar Dakoro, inda gonar gero take iyaka da makiyaya, har yau da itace ake tuwo. Mata da 'yan mata kan fita tun da sassafe da igiya da gatari, su dawo rana tsaka da ɗan dami a ka, tafiyar kuma kullum ƙara nisa take yi. In itacen ya gagara, sai kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki. Kowace aduwa da aka sare, hanya aka buɗe wa iska ta kwashe ƙasar noma, an kuma rage wa akuya abincin rani. Ana gasa gawayin ƙasa a rage masa hayaƙi domin girki, an daɗe ana yi, sai dai wanda ake samu a birane yake tsayawa. Mai ɗora tukunya a ƙauye labarinsa kawai take ji a rediyo.

Shi ma garin Tchirozérine yana da haƙƙi a wuyan kamfani da hukuma. Tsibin toka da ƙura na buƙatar kulawa saboda ƙirjin yara, ruwan ƙarƙashin ƙasa da tashar take sha shi ne dai na mutane da dabbobi, injina kuma sun tsufa. Rufe Cominak ya nuna abin da kan sami garin da ya dogara da rami ɗaya, don haka tun yanzu ya kamata a koya wa matasa sana'ar da za ta riƙe su ko babu gawayi. A Salkadamna ta jihar Tawa an aza tubalin wata tashar tun 2014. Duk lokacin da aikin ya kankama, a ɗauki darasin Anou Araren tun daga tushe.

Roƙonmu ga Sonichar da ma'aikatar makamashi da magadan gari shi ne a buɗe wurin sayar da gawayin girki a Dakoro, a riƙa kawo shi Bader Goula ranar kasuwa tare da murhunsa, a kuma sa farashin buhu ƙasa da kuɗin itacen da zai yi girki daidai da shi.