Rarar hasken gama: ɓoyayyen sinadari ko taurarin da ba a ƙirga ba?

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye da rani ya san farin layin nan mai kama da hazo da ke ratsa sama da dare. Wannan shi ne rukunin taurarinmu. Bayan hasken da ido ke gani, layin na fitar da wani mai tsananin ƙarfi, hasken gama, wanda sai da na'ura ake gane shi. Mafi yawansa ba daga wani tauraro guda yake fitowa ba, bazuwa ya yi ko'ina.

Asalinsa ba a ɓoye yake ba. Taurarin da suka fashe kan harbo ƙwayoyin furoton da gudu kusa da na haske. Idan suka yi karo da iskar gas da ke tsakanin taurari, sai a sami hasken gama da wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino. A shekarar 2023 cibiyar IceCube da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika ta sanar da ganin nutirino daga wannan layi, abin da ya ƙarfafa bayanin.

To amma lissafi ya ƙi cika. A 2009, shekara guda bayan Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na Fermi, Lisa Goodenough da Dan Hooper suka nuna cewa tsakiyar rukunin na fitar da haske fiye da yadda aka ƙiyasta. Suka danganta rarar da ɓoyayyen sinadarin nan da masana suka daɗe suna nema, wanda nauyinsa ke riƙe da taurari amma ba ya haske. A 2023 kuma cibiyar LHAASO da ke kan tsaunukan Sichuan a ƙasar Sin ta auna haske mafi ƙarfi a sauran sassan layin, ta iske ya ninka hasashe sau biyu zuwa uku.

Biri ya yi kama da mutum, amma a ganina an yi gaggawa. Akwai matattun taurari masu juyi da sauri, fulsa, waɗanda suke da yawa kuma suke da dishi-dishi. Daga nesa fitilun gari kan haɗe su zama haske ɗaya, kamar yadda matafiyi ke hango Kano da dare kafin ya iso. A 2017 cibiyar HAWC ta Meziko ta ga irin wannan haske kewaye da fulsar Geminga. Idan akwai dubbansu da na'urorinmu ba su iya rarrabewa, to wani ɓangare na rarar kuskuren ƙidaya ne kawai.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a kan amsarta ake yanke inda kuɗin bincike za su tafi. Sabbin na'urorin CTAO da ake ginawa a Chile da tsibirin La Palma na Sifaniya sun fi na yanzu kaifin gani, kuma aikinsu ya haɗa da bin wannan layi ɗaki-ɗaki don ƙirga fitilun.