WAI BAƘI SUN KARƁI MUTUM-MUTUMI? A TAMBAYI MUTANEN JAPAN!

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, a 'yan shekarun nan babu waƙar da manyan 'yan jari-hujja masu otal-otal suka fi rerawa irin cewa wai baƙi sun "karɓi" mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira, wai har sun fi son su a kan ɗan Adam. Mu kuwa muna tambaya: wa ya shawarci baƙon kafin a kawo su? An kai maka abu har ɗakin kwananka, kuɗinka ya riga ya shiga aljihunsu, sannan a ce ka karɓa!

To bari mu je Japan, inda aka fara wannan wasan. A shekarar 2015 aka buɗe otal ɗin Henn-na a yankin Nagasaki, sunan da ke nufin "baƙon abu" a harshensu. Kundin bajinta na Guinness ya sa shi a matsayin otal na farko da mutum-mutumi ke yi wa hidima. A teburin karɓar baƙi an girke wani mai siffar ƙaton ƙadangaren zamanin da, yana gaida mutane. 'Yan jarida suka yi ta tururuwa. Shugaban kamfanin, Hideo Sawada, bai ɓoye manufarsa ba: so yake na'urori su riƙa yin fiye da kashi 90 cikin 100 na aikin otal. Wato a taƙaice, albashin ma'aikaci ne ya tsone masu ido, ba jin daɗin baƙo ba.

Me ya biyo baya? A farkon 2019 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ba da labarin cewa otal ɗin ya sallami fiye da rabin mutum-mutuminsa 243. Dalili kuwa abin dariya ne, abin takaici. Akwai wata 'yar na'ura mai suna Churi da ake ajiyewa a kowane ɗaki. Bawan Allah yana cikin barcinsa yana minshari, sai ta ɗauka magana yake yi, ta tashe shi da tsakar dare tana neman ya maimaita abin da ya ce! Masu dakon kaya kuwa ɗakuna kaɗan suke iya kaiwa. Ƙadangaren nan ko hoton fasfo ba ya iya ɗauka, sai an kira mutum. Ma'aikatan da aka ce za a hutar, su suka koma bayin gyaran ƙarafa.

Amma duk wannan ƙarami ne. A ƙarshen 2019 wani masanin tsaron kwamfuta ya tona cewa na'urar da ke gefen gado a reshen otal ɗin na kusa da Tokyo ana iya yi mata kutse, a riƙa kallo da sauraren mai ɗaki daga nesa. Ka yi tunani, ɗan'uwa: mutum da iyalinsa sun rufe ƙofa, alhali ga ido da kunne a kan teburi! Sai da asiri ya tonu sannan kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

Ma'aikatan otal-otal na Las Vegas a Amurka ba su tsaya jiran tausayin masu gida ba. A 2018 ƙungiyarsu ta kaɗa ƙuri'ar shiga yajin aiki, har aka rubuta a yarjejeniya cewa dole a sanar da su tun da wuri kafin a shigo da sabuwar na'ura, a kuma horar da su a kanta. Shi baƙo fa, wace ƙungiya gare shi?