Ba ruwan Sakkwato ne ya kashe kifin ba

Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ma'aikaci ya sayo ɗan kwanon gilashi da kifayen ado biyar ko shida domin 'ya'yansa, ya cika shi da ruwan burtsatse, ya zuba su a ranar. Kafin mako biyu sun fara yin rigingine a saman ruwa. In ya koma wurin mai shago, sai a ce masa ruwan garin ne bai dace ba, a miƙo masa kwalbar maganin gyara ruwa da sababbin kifaye. Wannan bayani ya yi wa mai shago daɗi, domin ya wanke kwanon da ya sayar, ya kuma buɗe masa wani cinikin. Gaskiyar da ke cikinsa kaɗan ce, ɓarnarsa kuwa tana da yawa.

Ba a musun cewa ƙasar Sakkwato tana da farar ƙasa. Dutsenta ne ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma duk rijiyar da ruwanta ya ratsa irin wannan dutse yakan fito ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnisiyam. Matan gida sun riga masana ganewa: sabulu ba ya kumfa da wuri, farin ɓawo yana kama cikin butar shayi. A ma'aunin masana, ruwan da ke da ƙasa da miligiram 60 na wannan ma'adini a lita ɗaya mai sauƙi ne, wanda ya haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Amma nauyin ba guba ba ne. Tafkin Tanganyika da tafkin Malawi ruwansu mai ma'adini ne, ma'aunin pH ɗinsu yana kaiwa 8 har ya wuce, kuma a cikinsu ne ake samun ɗaruruwan nau'o'in kifaye masu launi, dangin karfasa.

Abin da yake kashe kifin sabon shiga, a mafi yawan lokuta, ƙazantar kifin ce. Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci kuma tana ruɓewa ta ƙara. A kogi, ruwa yakan tafi da ita. A cikin gilashi kuwa sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a cikin matatar ruwa, wasu su mayar da amoniya nitirayit, wasu su mayar da nitirayit nitiret, wanda cutarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Zaman waɗannan ƙwayoyi yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Sabon akwati ba shi da su, kwanon da ba shi da matata kuma ba zai taɓa tara isassu ba. Hanyar da ta dace ita ce a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi a ruwan da babu kifi, a riƙa gwadawa har amoniya da nitirayit su koma sifiri. Ba a cika jin mai shago yana faɗin haka ba, tunda ma'anarsa mai saye ya tafi gida ba kifi, ya dawo bayan wata guda.

A nan ne kawai ruwan yake da hannu. Amoniya tana ƙara dafi idan pH ya hau: a pH 8, kason da ke cutar da kifi ya ninka na pH 7 kusan sau goma, zafi kuma yana daɗa shi. Ke nan kuskuren da mai ruwan sauƙi zai yi ya tsira, mai ruwan farar ƙasa ba zai tsira da shi ba, balle a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Maganin wannan shi ne haƙuri da matata, kwalba ba ta da abin yi a ciki.

Kwalbar ma ita ce babbar matsala. Galibin magungunan sauke pH asid ne. Ruwan farar ƙasa yana da kabonet da ke shanye asid, saboda haka pH yakan faɗi da yamma, ya tashi washegari, mai akwatin ya ƙara zubawa. Kifi yana iya sabawa da ruwan da bai yi daidai da na asalinsa ba, matuƙar yana nan yadda yake. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ke sauya hali kullum. Wanda ya sayi kwalbar ya biya kuɗi ne ya jefa kifinsa cikin wannan hawa da sauka. Masu cika akwati da ledojin fiya wata su ma ba su tsira ba, domin ba su san abin da ke cikin kowace leda ba, kuma ranar da aljihu ya gaji za su koma burtsatse lokaci ɗaya.

Ruwan da ke gida shi ya kamata ya zaɓi kifi. Niyon tetira, ɗan kifin nan mai shuɗin layi da ke jan ido a shago, asalinsa ƙoramun Amazon ne masu ruwan sauƙi da ɗan tsami, don haka ba nasa ba ne wurin. Kifin zinariya yana jure nauyin ruwa, amma yana son sanyi, yana kaiwa santimita 20, ƙazantarsa kuma ta fi ƙarfin ƙaramin akwati; saka shi a kwano zalunci ne da aka saba gani har aka daina kallonsa zalunci. Gofi da filati da moli kuwa ruwan ma'adini suke so, kuma su ne mafi araha. Sai dai suna haihuwa ba ƙaƙƙautawa, wanda bai shirya ba gara ya tsaya a kan maza zalla, kada kuma ya zubar da rarar a rafi. Mai neman abin kallo na musamman yana iya neman ƙananan kifayen Tanganyika da ke zama cikin katantanwa, tsawonsu bai wuce santimita 5 ba. Cikin tsirrai akwai anubiyas, wanda gidansa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru ne, ba ya damuwa da nauyin ruwa ko ƙarancin haske.

Kalmar "ƙarami" ita ma tana yaudara. Lita 60 ta fi lita 10 sauƙin riƙo, domin ruwa mai yawa ba ya saurin zafi, ba ya saurin gurɓata. Inda wuta ke ɗaukewa, ɗan famfon iska mai batir ya fi kowane kayan ado amfani, saboda bakteriyar matata ma iska take buƙata.

Akwai wani tarko na ƙarshe da hunturu da bazara ke ɗanawa. Ruwa yana tashi ya bi iska, ma'adini kuwa yana nan. Wanda yake cike gurbin kawai da ruwan rijiya, kowane mako yana ƙara wa akwatin nauyi ne bai sani ba. Sai an kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu an zubar, a maye da sabo mai zafi daidai da na ciki. In na famfo ne a kashe masa kulorin tukuna. Farin zanen da ke fitowa a bakin gilashi kuwa, tsumma da ɗan ruwan lemun tsami suna goge shi, muddin ba a bar shi ya ɗiga cikin akwatin ba.