Na'ura Mai Tsintar Sunaye da Ƙafewar Tafkin Chadi

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 da na 1984 suka auku, sai ruwa ya janye, masunta suka bi shi, manoma suka yi shuka inda dā jirage suke yawo.

Labarin wannan masifa yana nan a rubuce, amma a warwatse cikin jaridu da rahotanni da wasiƙu, ba mahalukin da zai iya karance su duka. To, yanzu masana sun koya wa kwamfuta bin rubutu tana tsince sunan mutum, da na gari, da kwanan wata. A 2021 aikin MasakhaNER ya sa Hausa cikin harsunan Afirka 10 da aka yi wa wannan hidima.

Amma fa na'ura ba ta da wayo sai wanda aka ba ta. Hadejia gari ne, kogi ne kuma. Chadi ƙasa ce, tafki ne kuma. In ta rikita su, lissafi ya ɓaci, a kai agaji inda babu ƙishi. Sa'an nan da rubutun boko aka koya mata, takardun ajami suna can cikin adaka.

Saboda haka ya wajaba Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ta haɗa malaman ajami da masanan kwamfuta su tattara waɗannan takardu. Wanda ya san inda rijiya ta ƙafe jiya, shi zai san inda za a haƙa gobe.