Kafin Diyya Ta Fito, Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya shiga kasuwar Gombe, musamman Tudun Hatsi inda ake lodin masara da wake da dawa, ya san cewa buhun da ake saukewa a Mile 12 ta Ikko ko Bodija ta Badun ba da ƙafarsa ya je can ba. A wuyan ɗan dako ya hau mota, yaron mota ya kwana biyu ko uku yana gadinsa a hanya, sa'an nan wani ɗan dakon, watakila ma ɗan unguwar na farkon ne da ya tafi ci-rani, shi zai sauke shi a kurmi. To, 'yan'uwa mazauna Agege da Sabo da Shagamu da Anacha da Fatakwal, maganar waɗannan mutane za mu yi yau, domin abin da ke samunsu a Gombe shi ne ke samunku a inda kuke, sai dai naku ya fi muni, don ku ba ku kusa da dangi.

Mu ƙaddara tirela tana ja da baya a bakin kasuwa, ta matse ɗan dako ta karya masa cinya. Jama'a ta taru, an ɗauke shi zuwa asibiti, direba ya amsa laifinsa, mai mota ya zo da maraice ya yi jaje, ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ce motarsa tana da inshora, a kwantar da hankali. Duk wannan daidai ne. Amma gari na wayewa likita zai rubuta hoton ƙashi, da jini, da ƙarfen da za a sa a cinyar, kuma babu ɗaya daga ciki da za a iya saye da alkawarin inshora. Mutumin nan kuwa abin da ya ɗauko yau shi iyalinsa ke ci yau. Ran da ya kwanta, ran nan tukunya ta sauka.

Mutane da yawa suna zaton jinkirin diyya duk mugunta ce ta kamfani ko ta lauya. Akwai wannan, ba mu musa ba. Amma asalin jinkirin yana cikin ita kanta diyyar. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da karantar da cewa ba a yanke diyyar rauni sai raunin ya warke, don ba wanda ya san inda zai tsaya: ko ƙafa ta koma daidai, ko ta gajarce, ko a yanke ta. Kotun zamani da kamfanin inshora su ma abin da suke jira ke nan, watau rahoton likita na ƙarshe da zai faɗi iyakar nakasa, haɗe da rahoton 'yan sanda da rasit na abin da aka kashe. Ashe ke nan diyya tana jiran warkewa, ita kuwa warkewa tana jiran kuɗi. A cikin wannan rami da ke tsakani ne talaka ke faɗawa.

Kuma a nan ne ake cin sa da yaƙi. Bayan mako uku, an sayar da akuya, an jinginar da gona, matar ta kai kayan ɗakinta kasuwa, sai ga wakilin mai mota da dattawa biyu da takarda. A ce masa abin da ya faru ƙaddara ce, a yi haƙuri, ga ɗan wannan a rage zafi, a dangwala hannu a rufe magana. Shi kuwa ya duba ya ga da babu gara ba daɗi, ya dangwala. Washegari a sace shi daga gadon asibiti a kai wa mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, akwai gwanaye a cikinsu, amma karayar da ƙashi ya huda fata ba tasu ba ce, kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano da na Igbobi a Ikko sun sha karɓar ƙafar da ta ruɓe, wadda ba ta da sauran magani sai wuƙa. Yafewa halin kirki ne, kowa ya sani. Sai dai yafewar da aka karɓa daga mutumin da yunwa ta shaƙe wa wuya, ni ban iya kiranta yafewa ba.

Ba kuwa don babu doka ba ne. Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda motarsa ta ji wa rauni. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora na ƙaramar mota daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, na manyan motocin dakon kaya kuma ya kai Naira 100,000. Ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara kamen marasa ita, sa'an nan cikin shekarar 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003. An tsananta wajen karɓa. Abin da muke jira mu gani shi ne a tsananta wajen biya.

Haka kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ya ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma yanke tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida ga wanda ya ƙi. Doka ce mai kyau, kuma ya kamata kowane ɗan ci-rani ya haddace ta. Amma iyakarta ke nan: a tsai da jini, a ceci rai. Watanni shida na jinya da ke biye ba ta ce kome a kansu ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, tana amfanar wanda maigidansa ya rubuta sunansa yana zuba masa kaso. Ɗan dako wa ya rubuta shi?

Sauran ƙasashe sun gamu da wannan rami. A Ingila, idan wanda ake ƙara ya amsa laifi, alƙali yana iya umartarsa ya fara ba da wani yanki na diyyar tun shari'a ba ta ƙare ba, a cire daga baya. A Amurka kuwa kamfanoni ne suka taso suna ba majinyaci bashi a kan diyyar da yake jira, da ruwa mai nauyi, har wani lokaci idan kuɗin suka fito shi ragowa yake samu. Hanyar farko abar koyi ce, ta biyu Allah ya raba mu da ita, ko da yake masu ba da bashi da ruwa na bakin tasha sun riga sun fara mana irinta. Mu ma ba baƙi ba ne ga hanyar farkon, don akwai malaman Malikiyya da suka ga dacewar a ɗora wa wanda ya yi raunin ladan mai magani da kuɗin maganin.

Saboda haka kirana kashi biyu ne. Ga hukuma, a wajabta wa kamfanin inshora, da zarar an tabbatar motar da ya ɗauki nauyinta ce ta yi ɓarnar, ya fara biyan asibiti kai tsaye kafin a zauna lissafin diyya. Wannan aikin 'yan majalisa ne, kuma mun san tafiyarsu.

Na biyun shi ne wanda ke hannunmu. Babu kasuwa ko zango da ba a karɓar kuɗin ƙungiya. Ana karɓa a kan kowane buhu da kowace mota, a Tudun Hatsi da Mile 12 duka. To, me zai hana a ware wani kaso sananne ya zama asusun jinya, wanda zai ba mai rauni rance ba ruwa, a rubuta a gaban Sarkin Kasuwa ko Sarkin Hausawa cewa in diyya ta fito za a mayar, in ba ta fito ba ya zama sadaka? Shari'a ma da ta ɗora diyyar kuskure mai nauyi a kan dangi gaba ɗaya, ai ta san wuyan mutum ɗaya ba ya ɗauka. Wani zai ce shugabanni za su cinye. Tsoron nan yana da dalili, mun ga an ci na masallaci ma. Maganinsa shi ne kuɗin su zauna a banki da sa hannun mutum uku, kada a damƙa wa kowa tsaba, a riƙa biyan asibiti a karɓo rasit, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Ƙungiya kuma tana iya yi wa 'ya'yanta rajistar inshorar lafiya a dunƙule, a hukumar GoHealth ga na Gombe, ko shirin Ilera Eko ga na Ikko. Mutumin da ya san an biya masa aikin ƙafa ba zai dangwala hannu a mako na uku ba, kuma mai mota da kamfaninsa za su san da jama'a suke magana.

Kafin a kai ga haka, ɗan'uwa, in tsautsayi ya faɗa wa na kusa da kai, rubuta lambar motar tun ba ta gusa ba, ka ɗauki hoton takardar inshorarta, ka sa a duba ta a rumbun NIID ta waya, don takardun jabu sun yi yawa. A kai rahoto caji ofis ran nan, kada a bari sai an huce. Kowane rasit, ko na auduga ne, a adana shi cikin leda. In motar ta hukuma ce, a gaggauta ganin lauya, domin dokar tarayya mai kare ma'aikatan gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara. Ku kuma masu hawa bisa lodi don ragin kuɗin mota in za a je gida Salla, ku sani hukumar kiyaye haɗura ta hana, kuma in motar ta kife wannan ce hujjar farko da kamfani zai kawo don ya ƙi biyan ko kwabo.