Kada Tsofaffin Jiragen Horon Soja Su Ƙare A Hannun 'Yan Gwangwan

Ranar 22 ga Mayun 1969, wasu ƙananan jirage masu inji ɗaya suka taso ƙasa-ƙasa ta saman kurmi, suka yi wa filin jirgin saman Fatakwal ruwan rokoki. Cikin mako guda suka maimaita haka a Binin da Inugu. Jiragen nan ƙirar MFI-9B ne na ƙasar Suwidin, waɗanda aka ƙera domin koyar da tuƙi, aka harhaɗa biyar daga cikinsu a Gabon, aka rataya musu rokoki a fukafukai, wani Basuwide mai suna Carl Gustaf von Rosen ya jagorance su a ɓangaren Biyafara. Ɓangaren tarayya ma da jiragen horo ya shiga yaƙin: L-29 na Cekosulobakiya da aka kawo a 1967, kafin MiG-17 da Il-28 su ɗauki nauyin aikin.

Ke nan babban kaso na tarihin yaƙin basasa a sararin sama, tarihin jiragen koyo ne. Wanda ke son ganin ragowarsu sai ya je Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahiya, inda aka jera jirage a fili, rana da ruwan saman kudu suna aikinsu a kansu shekara da shekaru. Jirgin da ke zaune a cikin laima ba ya jira a gama zaman kwamiti. Ruwa na shiga ta maɗinkan fukafuki, ƙarfe na rubewa daga ciki alhali fentin waje na nan, har ranar da za a ga babu abin da ya saura na gyara.

Batun ya wuce Umuahiya. Tun kafa Rundunar Sojan Sama a 1964, kowane zamani na matuƙan ƙasar nan yana da jirgin da ya yaye shi. Na farko sun koyi tuƙi a Kaduna da Piaggio P.149D ƙarƙashin malamai Jamusawa. Sai Bulldog na Birtaniya a shekarun 1970, sai L-39 a Kano, sai Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna cikin shekarun 1990, kafin Super Mushshak na Pakistan ya fara isowa a 2016. Duk jirgin da aka sallama daga aiki dukiyar gwamnati ce, kuma makomarsa tana ratsawa ta teburin ma'aikaci: wani ya rubuta takardar cewa ya daina amfani, wani ya ƙiyasta kuɗinsa, wani ya sa hannu. Idan ma'aunin kawai nauyin ƙarfe ne, ɗan gwangwan zai fi kowa tayi, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta fi karkata ga kayan gargajiya da aka ƙera kafin 1918, don haka jirgin 1967 ba shi da wata inuwa a fili a cikinta.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Afirka ta Kudu ta sallami jiragenta na Harvard a 1995 bayan fiye da shekara hamsin suna aiki, amma aka damƙa wasu ga wata ƙungiyar masu kishinsu da ke tashi da su daga sansanin Swartkop. Birtaniya ta sayar wa fararen hula da jiragenta na Bulldog a farkon shekarun 2000. A Amurka kuwa, L-29 da L-39 suna hannun mutane masu zaman kansu, har tsere ake yi da su. Abin da ya sa aka dage sai sun tashi shi ne, jirgin da ke tashi dole a riƙa duba injinsa, a ajiye littafin awoyinsa, a horar da makanikansa. Wanda aka ɗora kan dandamali a bakin ƙofar bariki kuwa, fenti kawai yake samu, shi ma sai za a yi babban baƙo.

Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da hurumin sakin jiragen soja ga jama'a, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Abin da ya faru a Fatakwal a 1969 ya isa shaida cewa jirgin koyo kan zama makami cikin 'yan kwanaki. Amma hakan dalili ne na tsaurara sharuɗɗa. A cire duk wata kafa ta ɗaura makami, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta NCAA ta yi musu rajistar farar hula, a haramta musu kwana ko'ina sai a filin gwamnati. Mallakar kuma a fara da gidauniyoyi da makarantu kafin a kai ga ɗaiɗaikun attajirai. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna suna da ɗaliban injiniya da za su ƙaru da kwance tsohon jirgi su mayar da shi fiye da karanta zanensa. Air Beetle ne ya fi dacewa a fara da shi, domin an gina shi ne bisa ƙirar RV-6 ta Amurka da injin Lycoming, kuma kayan gyaransu ba su yanke a kasuwa ba. Jiragen Umuahiya dai ba na tashi ba ne kuma. Rumfa suke bukata.

Wannan tarihi ya shafi Hausawan kudu maso gabas kai-tsaye. Mazauna Garkin Inugu, da na Titin Bida a Anacha, da na unguwannin Hausawa a Fatakwal, da yawansu 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka tsere a 1966 suka dawo bayan Janairun 1970. Inugun nan ce ta zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950. Motocin shanun Lokpanta kuma kullum suna bin babbar hanyar da ta ratsa gefen Umuahiya. Idan aka gyara wajen, dole allon bayaninsa ya faɗi abin da jiragen kowane ɓangare suka yi, har da bama-baman da suka faɗa kan kasuwanni da fararen hula, kuma a rubuta shi da Hausa da Ibo tare da Turanci. Maƙwabtan da ke cin kasuwa ɗaya sun cancanci su karanta labari ɗaya a gaban ƙarfe ɗaya.

Matakin farko bai kai ga kasafin kuɗi ba. Ma'aikatar Tsaro ta umarci a ƙidaya duk wani jirgin horo da aka sallama, da lambarsa, da inda yake, da halin da yake ciki, da ko littafin awoyinsa na nan, domin jirgin da takardunsa suka ɓace da wuya wata hukuma ta sake ba shi izinin tashi. Sannan a dakatar da gwanjon irin waɗannan jirage har sai an ware aƙalla biyu daga kowane samfuri. Hadimin da zai shigar wa minista da wannan takarda ya haɗa da sunayen tsofaffin makanikan Kaduna da Kano da suka yi ritaya, tun suna iya nuna wa ɗalibai inda kowane ƙusa yake.