Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako a filin da ka saba ba ni. Yau maganata a kan kare ce. Kada malamai su ce na rasa abin faɗi, gama al'amarin ya kusa raba ni da mai gadin gidana.

Ina da kare, sunansa Duna, shekararsa 7. Da rana yana ɗaure a gindin darbejiya, da dare ya kwana a zaure. Tun yana kwikwiyo ya san ba a ɓarna a ciki. Sai ga shi da sanyin bana, kwana uku a jere, na tashi da asuba na tarar da fitsari a bakin ƙofa. Zauren nan kuwa nan baƙi ke zama, nan maƙwabta kan shimfiɗa tabarma su yi salla. Uwargida ta ce, "Maigida, in ba za ka ba da shi ba, to, wanka da kanka." Na hasala, na ja shi wurin, na doke shi. Dare na huɗu ya sake, sai dai ya koma bayan buhun gawayi inda ba a gani, in ya ji tafiyata kuma ya ɓuya.

Da na ga haka na kai shi asibitin dabbobi. Likita ya auna fitsarinsa, ya ce ƙwayoyin cuta ne suka kama mafitsara. Ya ba da magani, kafin mako guda abin ya tsaya. Ashe marar lafiya na doka. Kunyar da na ji ran nan ba ta faɗuwa.

To, jama'a, ga abin da na koya. Babban kare wanda ya san tsabta ba ya komawa ɓarna sai da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Kadan yana fitsari kaɗan-kaɗan, yana yunƙuri, ko ka ga jini, galibi mafitsara ce, ko cuta ko tsakuwa. Kadan yana shan ruwa fiye da kima yana ramewa, sai a duba ciwon sukari da na ƙoda. Kadan kuwa makwancinsa ne ke jiƙewa yana barci, bai ma san ya yi ba, wannan ya fi samun tsohuwar karya wadda aka cire wa mahaifa. Duk waɗannan aikin likita ne. Kada ka hana masa ruwa don neman sauƙi, sai ka ƙara masa ciwo.

Duka kuwa ba shi da amfani, domin kare ba ya haɗa sandar asuba da laifin tsakar dare. Abin da ya ke koya kaɗai shi ne tsoronka.

In likita ya ce lafiyarsa lau, sai ka dubi kanka. Lafiyayyen kare kan riƙe fitsari kamar awa 8. Ni kuwa saboda sanyi na kan rufe zaure ƙarfe 8 na dare, ban buɗewa sai ƙarfe 6, watau awa 10. Yanzu ana ba shi abinci kafin magariba. Ƙarfe 10 na kan fita da shi, in tsaya har ya yi, nan take in yaba masa, in ba shi ɗan ƙashi. Da asuba shi na ke fara buɗe wa.

Saura wanki. Hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, inda ya ji warin jiya nan zai koma. In siminti ne, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a bari ya bushe sarai. In daɓe ne, a kankare ƙasar a zuba sabuwa. Tabarmar da ta jiƙe a yar da ita. Sa'an nan a wanke hannu sosai, domin akwai cutar da ke kama mutum ta fitsarin kare da na ɓera.

Duna ya koma aikinsa, uwargida ta huce. Amma sai da ya yi wajen wata guda kafin ya sake zuwa tarye ni bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya. Wanda ke da dabba a hannunsa, ya nemi dalili kafin ya nemi sanda.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Naku,
Akawu Mai Kare